FILIN LAFIYAR IYALI: Buhun barcin jinjiri, a saya ko a bari?

  Hatsi ya shiga rumbu, wake da gujiya sun shiga buhu, bisashe sun sauko gonaki suna cin kara. Iskar gabas ta fara busowa da hazo. Kowa ya san abin da ke biye da ita, ɗari ne.

In ɗari ya gabato, kasuwa ma sai ta sake kama. Masu bosho sun kwance dila-dila na kayan sanyi. Cikin kayan yara akwai wani abu da mutane ke ɗagawa suna juyawa, suna tambayar juna ko mine ne. Samansa kamar taguwa maras hannu, ƙasansa a ɗinke kamar buhu. Mai kaya ya ce maka cikinsa ƴaƴan Turawa ke kwana. A manyan kantunan Yamai da Maraɗi da Damagaram har sababbi akan samu, cikin leda, da hoton jinjiri yana murmushi.

To, ga magidanci, matarsa ta kusa haihuwar fari. Kuɗin kaka na aljihu. Yana son ya yi wa ɗansa abin kirki, kuma ba ya son a ce ya gaza. Ya saya, ko ya bari? Wannan ita ce tambayar da za mu duba a wannan wata. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi, har da tsofaffin gida, don su ne ke riƙe da mai jego.

MINE NE BUHUN BARCI?

Riga ce da bargo a haɗe. Ana sa jinjiri ciki, a ja zip ko a ɓalla maɓalli a kafaɗa. Kansa yana waje. Hannuwansa suna waje. Ƙirji da ciki da ƙafafu suna ciki. Ƙasan yana da faɗi, yaro yana iya shure-shurensa yadda ya ga dama.

Amfaninsa iri 2 ne. Na farko, yaro ba ya iya ture shi da ƙafa ya kwana a buɗe, yadda yake ture zane. Na biyu, ba ya hawa sama ya rufe masa hanci da baki, yadda bargo ke yi. Wannan na biyun shi ne babban dalilin da ya sa likitocin Turai ke yabonsa.

DAGA INA YA FITO?

Daga ƙasashen sanyi ya fito, irin su Holan da Faransa da Ingila. A can jinjiri yana kwana shi kaɗai cikin ɗan gadonsa. Sau da yawa ma ɗakinsa dabam, na uwa dabam. In ya ture bargo da tsakar dare, ba mai gani. In bargon ya hau fuskarsa, ba mai ji.

Shekarun baya, wata irin mutuwa ta dami iyaye a can. A kwantar da jinjiri lafiya lau da dare, da safe a tarar ya cika. Ba tari, ba zawo, ba masassara. Ta fi samun ƴan wata 2 zuwa wata 4. Likitoci suka yi ta bincike. Suka gane yawancin yaran an kwantar da su rub-da-ciki ne, ko an lulluɓe su da kaya masu kauri har kai, ko ana shan taba a gidan.

A shekarar 1987 likitocin Holan suka fara gargaɗin iyaye su daina kwantar da jinjiri rub-da-ciki. Ingila ta yi shelar haka a 1991, Amurka a 1994. Cikin ƴan shekaru, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. A 1998 wani bincike a Holan ya nuna yaran da ke kwana cikin buhun barci na auduga, abin bai cika samunsu ba. Dalili kuwa, fuskarsu a buɗe take, kuma buhun yana hana ƙaramin yaro saurin kifewa.

Ashe ke nan abin ba na banza ba ne. Maganin matsalar gidansu suka yi. Sauran mu tambayi kanmu: matsalar gidansu ita ce ta gidanmu?

ZAFINSU DA NAMU BA ƊAYA BA NE

Zafi da sanyi ana auna su da digiri, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Jikin mai lafiya yana wajen digiri 37.

Likitocin Ingila sun ce ɗakin da jinjiri ke kwana ya tsaya tsakanin digiri 16 da 20. Don irin wannan ɗaki aka ɗinka yawancin buhunan da ke zuwa cikin bosho. Mu fa? A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, sai cikin Disamba da Janairu ne sanyin asuba ke sauka wajen digiri 13 zuwa 17, kuma a waje ke nan. Ɗakin ƙasa yana riƙe ɗumin rana, ya fi waje ɗumi. Cikin Afrilu da Mayu kuwa, zafin rana yana wuce digiri 40, dare ma ba ya sauka ƙasa da 25 sai jefi-jefi. Da damana ga gumi, ga sauro.

Wanda ya sa ɗansa cikin buhu mai kauri da bazara, ya sa shi cikin tanderu. Jinjiri ba ya iya kwance kansa. Ba ya iya cewa zafi nake ji. Sai zufa, sai ƙurajen zafi, sai jiki ya yi laushi. Yawan zafi kuwa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan mutuwar barci da muka faɗa.

Ku da kuka koyi karatu, ga inda karatu zai yi muku rana. A wuyan buhun ko a gefensa akwai ɗan ƙyalle mai rubutu. Ku nemi baƙaƙe 3: TOG. Lambar da ke kusa da su ita ke nuna kaurin buhun.

TOG 0,5: shara-shara ne, na lokacin zafi.
TOG 1: matsakaici ne, na ɗaki mai digiri 20 zuwa 24.
TOG 2,5: mai kauri ne, na ɗaki mai digiri 16 zuwa 20.
TOG 3,5: na tsananin sanyi ne, ya fi ƙarfin ɗakunanmu.

MU YI LISSAFI

Manomi ba ya sayen garma bai ƙidaya kwanakin da za ta yi masa aiki ba. Haka za mu yi wa buhun barci.

Ɗari na sosai wata 3 ne cikin wata 12: Disamba, Janairu, Fabrairu. Sauran wata 9, buhu mai kauri yana cikin akwati.

Yaro kuma ba ya jiran kaya. Ana haihuwarsa da tsawon santimita 50 da nauyin kilo 3, ko kusa da haka. Kafin wata 5 ko 6 nauyinsa ya ninka. In ya shekara, nauyin ya ninka sau 3, tsawon ya kai santimita 75. Shi ya sa ake rubuta wa buhunan lamba: 0-6, ma'ana daga haihuwa zuwa wata 6, ko 6-18, ma'ana daga wata 6 zuwa wata 18.

Yanzu ku duba da kyau.

Yaron da aka haifa a watan Maris, in ɗari ya zo yana da wata 9. Ƙaramin buhun da aka saya masa ranar suna ya yi masa kaɗan, ko sau ɗaya bai kwana ciki ba.

Yaron da aka haifa a watan Janairu, buhun ya yi masa yawa. Yawancin masu ɗinka su sun ce kada a sa yaron da bai kai kilo 4 ba, don kansa yana iya zamewa ta wuyan ya faɗa ciki. Mai kilo 3 kuwa sai wajen arba'in yake kai kilo 4. Kafin nan ɗari ya fara tafiya.

Yaron da aka haifa a Satumba ko Oktoba, shi ne zai ci moriyarsa wata 3 cur.

Akwai kuma zancen wanki. A Turai ana ɗaura wa yaro ƙunzugun da ke shanye fitsari dare guda. A ƙauyukanmu tsumma ne da zane. In yaro ya jiƙa zane, uwa ta zare ta sa wani. In ya jiƙa buhu mai kauri fa? Jiƙaƙƙen kaya ya fi rashin kaya sanyi. Dole a cire a wanke, ya sha ruwa, ya sha sabulu. Ke nan guda ba ya isa, sai biyu: ɗaya a jikin yaro, ɗaya a igiyar shanya. In mai kaya ya faɗi kuɗin, ku ninka shi, sa'an nan ku ga tiya nawa ta hatsi ke nan.

RANAR DA SANYI YA FI HAƊARI

Kada wani ya ce sanyi ba ya kashe jinjiri a ƙasar zafi. Yana kashewa. Amma ya fi kisa a kwanakin farko, lokacin da buhun barci bai da amfani tukuna.

Jinjiri yana fitowa daga ciki mai ɗumi, jikinsa a jiƙe. Kansa babba ne, kitsensa kaɗan ne, bai iya rawar ɗari ba balle ya ɗumama kansa. In an aje shi a ƙasa ba a goge shi ba, cikin minti 10 zuwa 20 zafin jikinsa yana iya sauka da digiri 2 zuwa 4. Yaron da sanyi ya kama ba ya jan nono da ƙarfi. In bai sha ba, ƙarfinsa ya ragu. In ƙarfi ya ragu, sanyin ya ƙaru, ciwo ya samu ƙofa.

Ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato O.M.S., ta koyar. Ba ko ɗaya da ake saye a kanti.

1. Da ya faɗo, a goge shi da busasshen zane mai tsabta, har kai. A jefar da jiƙaƙƙen gefe, a ɗauko wani.
2. A ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata. A lulluɓe su tare. A sa masa hula.
3. A ba shi nono cikin awa ɗaya. Nonon farko mai kauri, kada a zubar. Shi ne rigakafinsa na farko.
4. A jinkirta wanka har kwana ɗaya, wato awa 24. Farin maiƙon nan da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, yana kare fata.
5. In za a yi wanka, a yi da hantsi, da ruwan ɗumi, inda iska ba ta bugawa. A gama da sauri.

Iyayenmu ungozomomi da kakanni, mun san wankan farko al'ada ce mai daɗewa. Ba a ce ku bari ba. An ce ku jinkirta.

GOYON ƘIRJI

Ga bakwaini, da tagwaye, da duk wanda aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, akwai abin da ya fi kowane buhu. Labarinsa daga nesa ya fito.

A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani babban asibitin haihuwa ya cika da bakwaini. Kwalaben ɗumama jarirai ba su isa ba. Wani likita mai suna Edgar Rey ya ce a ɗaura kowane yaro a ƙirjin uwarsa, tsakanin nonuwa, fata da fata, dare da rana. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabba ta ƙasar Ostareliya mai riƙe ɗanta cikin aljihun da ke cikinta. Dabarar ta yi kyau, ta bazu duniya.

A 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin ƙasashe 5, har da Najeriya da Gana. Yaran ƙanana ne ƙwarai, daga kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 2. Waɗanda aka fara yi wa goyon ƙirji tun daga haihuwa, mutuwa cikinsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 O.M.S. ta ce a fara shi nan take, a yi awa 8 zuwa 24 kowace rana.

Matanmu ba baƙin goyo ba ne. Zane da majanyi suna nan a kowane ɗaki. Bambancin kawai, wannan a gaba ake yinsa. Yaro ba riga, sai tsumma da hula da safa. Yana tsaye, kansa a juye gefe, hancinsa a buɗe. In uwa za ta huta, ta kishingiɗa da matashi a bayanta, kada ta kwanta shame-shame. In ta gaji, kaka ta karɓa. Uba ma yana iyawa, kuma ba abin kunya ba ne. Amma ƙaramin yaro irin wannan, a kai shi gidan likita a duba shi tukuna.

WA BUHUN ZAI AMFANA?

Akwai waɗanda zai yi wa rana. Makiyayi da ke kwana a daji cikin bukka ko tanti, inda iska ke ratsawa ta ko'ina. Mutanen arewa, wajen Abalak da Tanut da Agadas, inda ɗari ya fi cizo. Mai ɗakin kwano, wanda ke hucewa da zarar dare ya raba. Masu tafiya cin rani da goyo, da ke kwana inda dare ya yi musu. In yaronku ya wuce kilo 4, yana ture lulluɓi kullum, kuna tarar da shi da sanyi da asuba, to buhun barci zai taimaka.

Sai dai a riƙe wannan: buhu madadin bargo ne. Yaron da ke cikin buhu ba a ƙara masa bargo. In yana kwana kusa da uwa, kada ta jawo shi cikin lulluɓinta. Ɗumin uwa, da bargo, da buhu, sun yi yawa.

IN ZA KU SAYA, KU DUBA ABU 7

1. Wuya. In an rufe zip, kan yaro kada ya iya wucewa ciki. Yatsa 2 su shiga tsakanin wuyan yaro da na buhun, kada su wuce haka.
2. Hammata. Kada ta yi faɗin da yaro zai mayar da hannu ciki.
3. Hula. Wanda aka ɗinka da hula a haɗe, ku bar shi. In yaro ya juya kai, hular ta rufe fuska.
4. Igiya da ado. Ba igiya a wuya, ba maɓallin da ke lilo wanda zai cire ya haɗiye.
5. Yadi. Ku nemi auduga. Mai santsi irin na leda yana tara zufa, kuma in tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake ya manne a fata.
6. Nauyi. Akwai waɗanda aka cusa wa abu mai nauyi a ƙirji wai don yaro ya daɗe yana barci. A 2022 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu. Ku guje su.
7. Tsabta. Na bosho a wanke da sabulu, a shanya a rana sosai kafin ya taɓa jikin yaro.

Ga kuma wata hanya mai sauƙi. Ku kai wa telan garinku tsohon zanen auduga mai laushi. Ya ninka shi biyu, ya yanka kamar ƴar shara daidai ƙirjin yaro, ya bar ƙasan da faɗi da tsawo, ya ɗinke. Ya sa maɓalli masu ƙarfi a kafaɗa. Ya ɗinka guda 2. Kuɗin ya tsaya a garinku, kuma kaurin ya yi daidai da ɗarinmu.

DARASIN DA BA A BIYA

Ko kun saya ko ba ku saya ba, abin da Turawa suka gano bayan sun yi hasarar ƴaƴa da yawa, mu mun same shi kyauta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A kwantar da jinjiri rigingine, bisa bayansa, dare da rana, har ya shekara. Wasu iyaye suna tsoron in ya yi tumbuɗi zai shaƙe. Lafiyayyen yaro yana juya kai ya fitar ko ya haɗiye. Rub-da-ciki ne ke toshe hanci.

Shimfiɗa ta zama mai tauri, a miƙe. Tabarma da zane sun fi katifar da ta lotsa. Jinjiri ba ya bukatar matashin kai.

Lulluɓi ya tsaya a ƙirji, a cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Kada a rufe fuska, ko don ƙura, ko don ƙuda, ko don bakin mutane.

Ya kwana gefen uwa, kada a sa shi tsakanin mutum 2. Yayyensa su kwana dabam, don yaro mai nauyin barci yana iya danne ƙanensa bai sani ba.

In ana naɗe shi da zane, a bar ƙafafu su sake. Ranar da ya fara ƙoƙarin juyawa, wajen wata 3 ko 4, a daina naɗe hannuwansa.

Tufafinsa su fi na babba da riga ɗaya ko biyu, kada a wuce haka. Hula da ɗari tana da kyau ga sabon haihuwa, in ta zauna daidai kai ba ta zamewa. In ɗaki ya yi ɗumi, a cire.

A kwana cikin sange mai magani kowane dare, har da ɗari. Buhun barci ba ya hana sauro cizon fuska da hannu. Mai ciki ta tambayi sange wajen awo.

Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba tsimi. Yaron da ke shan nono yana da ɗumi, kuma mutuwar barci ba ta cika samunsa ba.

WUTA A ƊAKIN MAI JEGO

Wannan sai mun faɗa da babbar murya. Da ɗari akan shigar da kaskon garwashi ɗakin mai jego, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Niyya mai kyau ce, amma haɗari ne babba.

Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba. Ba a ganinta, ba ta da wari. Babba ya fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Jinjiri shi take fara kayarwa. Hayaƙin itace da na kara kuma yana shiga huhunsa ya jawo ciwon haƙarƙari.

In za a ɗumama ɗaki, a yi tun da magariba. Kafin a kwanta a fitar da kaskon waje. A bar ƴar kafa iska tana shiga. Mai shan taba ya sha a waje, nesa da ɗakin.

YAYA ZA A GANE?

Hannun uwa ma'auni ne. Ki taɓa cikin yaro da bayan hannunki, sa'an nan ki taɓa tafin ƙafarsa.

Ciki da ɗumi, ƙafa da ɗumi: lafiya lau.
Ciki da ɗumi, ƙafa da sanyi: sanyi ya fara kama shi. Ki sa shi a ƙirji, ki ba shi nono.
Ciki da sanyi, ƙafa da sanyi: haɗari ne. Ki ɗaura shi a ƙirji, a kama hanyar gidan likita.
Ƙeya da zufa, fuska ta yi ja, gashi a jiƙe: kaya sun yi yawa. Ki rage.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye. Jinjiri ya ƙi nono. Numfashi da sauri, sau 60 ko fiye cikin minti ɗaya. Ƙasan ƙirji yana faɗawa in ya ja numfashi. Jiki ya yi zafi. Jiki ya saki, ba ya motsi sai an taɓa shi. Jijjiga. Cibiya ta yi ja tana ruwa ko wari. Tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya. Ko ɗaya aka gani, a tafi.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke hukuncin a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Amma amalanke da kabu-kabu da mota ba kyauta suke ba. Magidancin da ya ƙarar da kuɗin kaka wajen kayan ado, ranar da ciwo ya zo da tsakar dare sai ya bi gida-gida neman rance.

TO, A SAYA KO A BARI?

Ga amsarmu. Ga yawancin gidajenmu, buhun barci ba ya cikin kayan dole. Mai haihuwar fari ya fara da waɗannan: zannuwan auduga masu tsabta ko 4 ko 5, hula 2, safa 2, ƴan riguna, sabulu, sange, abinci mai kyau ga mai jego, da kuɗin mota a ɓoye. In waɗannan sun samu, kuɗi ya yi saura, yaronku ya wuce kilo 4, ɗari yana gaba, kuma makwancinku mai sanyi ne, to ku saya mara kauri ko ku ba tela ya ɗinka. In ba haka ba, ku bar shi a dilarsa, ba ku tauye wa ɗanku kome ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Masu kai barka da kayan suna, ku ma ku yi tunani. Sabulu da zane ba su taɓa yi wa mai jego yawa ba.

Ku tattauna wannan magana a dandali, da bakin rijiya, da wajen karatu. Ku tambayi ungozomar garinku da malamin likita. Wanda ke da tambaya ya rubuto mana da hannunsa. A wata mai zuwa za mu yi magana kan tari da mura na yara lokacin hazo: wanne ake jiyya a gida, wanne ake kai wa likita.

Allah ya raya mana abin da muka haifa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.